Eriyar Waje: Yadda Ake Jawo Intanet Zuwa Tanti a Zango

Eriyar waje na'ura ce da ake ɗaurawa a kan sanda ko a rufin mota domin ta kamo sabis ɗin intanet daga nesa, ta miƙa shi ga wayoyi da kwamfutocin da ke cikin tanti. Waɗanda suka fi yayata ta su ne masu yawon shaƙatawa a Amurka da Turai da Ostireliya, mutanen da kan bar gari su kwana a daji, wasu a tanti, wasu a manyan motoci masu gado da madafa da makewayi. A Amurka saukar da irin waɗannan matafiya sana'a ce mai zaman kanta. Kamfanin KOA, wanda aka kafa a garin Billings na jihar Montana a 1962, yana da ɗaruruwan filayen zango. Filaye da yawa suna ba baƙi Wi-Fi, sai dai na'urar da ke watsa shi takan kasance a jikin ofishin da ke bakin ƙofa. Wanda ya sami masauki kusa da ofis ya huta. Wanda aka kai ƙuryar fili, bayan bishiyoyi da jerin motoci, sai ya ga sunan sabis a wayarsa amma ko saƙo ɗaya ya ƙi tafiya.

Matsalar ba ta 'yan yawon shaƙatawa kaɗai ba ce. Ma'aikatan hanya da ke kafa sansani wata da watanni, da masu haƙa rijiyar burtsatse, da manoman rani da ke tarewa a fadama, duk da ita suke fama. Haka ma mutumin ƙauye da ya san wani tudu ko gindin wata bishiya inda nan kaɗai waya ke shiga. Wannan mutumin ya riga ya gano rabin ilimin eriya, ko da bai taɓa riƙe ta ba.

Abin da ke raunana sabis

Wi-Fi rediyo ne, bambancinsa da akwatin da ake sauraron labarai shi ne tsawon igiyar da yake tafiya a kai. Masu sauraron tashoshin ƙetare sun saba da jin gajeren zango, mita 19 ko 25 ko 31.  Igiyar Wi-Fi ta fi waɗannan gajarta ƙwarai. A kan gigahaz 2.4 tsawonta santimita 12.5 ne, a kan gigahaz 5 kuwa wajen santimita 6. Doguwar igiya tana iya zagaye tudu, wata ma ta daki sama ta dawo ƙasa a wata nahiya. Gajeriya irin wannan ba ta da wannan dabara: kusan miƙe take tafiya kamar haske, kuma abu kaɗan ke tare ta.

Nisa shi ne na farko. Ko a fili fetal, idan tazara ta ninka sau biyu, ƙarfin da ke isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sai kuma abubuwan da ke tsakani. Ruwa yana shanye wannan igiya, ɗanyen ganye kuwa cike yake da ruwa, shi ya sa hanyar da ke aiki lafiya da rani takan toshe idan damina ta kankama, bishiyoyi suka yi lif. Ƙarfe ya fi ganye ɓarna, domin mayar da igiyar yake yi baya. Motar zango mai jikin alminiyam, ko ɗakin kwano, ko kwantena da aka mayar ofis, duk akwati ne da ke tsare sabis a waje. Katangar ƙasa mai kauri ma tana cin rabonta. Tanti na yadi ne kaɗai ba ya hana komai, amma shi kuma a ƙasa yake, inda kowace mota da kowane kurmi ke gabansa.

Akwai wani dalili da mutane ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne ke bayyana dalilin da waya ke nuna sabis amma intanet ya ƙi. Sadarwar nan zance ne tsakanin ɓangare biyu. Na'urar ofis tana da wutar lantarki da eriya babba, tamkar mai shela da lasifika. Waya kuwa da ɗan batir take aiki, eriyarta kuma 'yar mitsitsiya ce a ɓoye cikin jikinta. Tana jin mai shela sarai, amma idan ta amsa muryarta ba ta isa gare shi. Amfanin eriyar waje a nan biyu ne, domin gwargwadon yadda ta ƙara ji, haka take ƙara kai magana.

Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi

Eriya ba injin ba ce, ba ta ƙara ko ɗigon wuta. Tattara abin da ke akwai take yi ta nufar da shi waje guda. Fitilar ƙwai tana haska ɗaki ko'ina amma haskenta ba ya nisa; tocila mai ƙwai daidai da wannan ƙarfin, saboda madubin da ke bayan ƙwan, takan haska ƙarshen layi, ta bar gefe da baya cikin duhu. Duk eriyar da aka ce tana da ƙarfi, wani gefen ta hana domin ta ba wani.

Ana auna wannan tattarawa da desibel, a jikin kwali kuma akan rubuta dBi. Lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, 6 ninki huɗu, 10 ninki goma, 20 kuwa ninki ɗari. Tun da ninka tazara yana mayar da ƙarfi kashi ɗaya cikin huɗu, ke nan kowane ƙarin desibel 6 yana ninka nisan da za a iya kaiwa, idan babu abin da ya tare hanya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne masu talla kan manta da shi idan suna rubuta kilomita kaza a jikin kwali.

Eriyoyin da ake amfani da su a zango gida biyu ne. Na farko mai jin ko'ina, siffarta kamar sanda a tsaye, yawanci dBi 5 zuwa 9. Sabis ɗinta yana kewaye ta kamar gammo. Ba ta buƙatar saiti, don haka ta dace da mai tashi yau ya sauka wani wuri gobe. Aibinta shi ne tana kwaso hayaniyar kowace na'ura da ke kusa, kuma idan aka nemi mai lamba babba, 12 ko 15, gammon yakan baje ya koma faifai. Sai a kafa ta a kwari, na'urar ofis tana kan tudu, sabis ya wuce ta samanta. A wuri mai hawa da gangara, mai matsakaiciyar lamba ta fi.

Gida na biyu su ne masu fuskantar waje guda. A cikinsu akwai Yagi, wadda duk wanda ya ga eriyar talabijin mai kama da ƙayar kifi a kan rufi ya san siffarta. Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi ne suka ƙirƙiro ta a jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan a 1926, ko da yake sunan Yagi ne ya bi duniya, na Uda ya tsaya a littattafai. Akwai mai siffar allo, wadda ta fi sauƙin ɗauka kuma bakinta ke da ɗan faɗi. Akwai kuma mai raga mai lanƙwasa kamar dish, wadda kan kai dBi 24, wato ninki 250 ko kusa da haka, amma bakinta wajen digiri goma ne kacal. Iska ta ɗan juya sandar, sabis ya ɓace. Ga mai zangon kwana biyu ko uku, allo mai dBi 13 zuwa 16 ya fi dacewa. Raga ta mai dogon zama ce.

Masu ƙaramin ƙarfi sun daɗe suna haɗa tasu da gwangwani. Ana samun mai faɗin baki santimita 8 zuwa 10, a huda gefensa kusa da gindi, a tsayar da 'yar wayar tagulla mai tsawon santimita 3 a ciki, a jona ta da kebul. Santimita ukun nan ba kame ba ne, rubu'in tsawon igiyar gigahaz 2.4 ne. Ba ta kai ta kanti ba, amma da babu gara ba daɗi.

Tsayi da sararin hanya

Da a ƙara kuɗi a sayi babbar eriya, gara a ƙara wa sanda mita biyu. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fanni, kuma dalilinta ya wuce batun hango ɗaya ɓangaren da ido. Igiyar rediyo ba a kan siririn zare take tafiya ba. Tana buƙatar sarari mai siffar ƙwallon dabino, siriri a bakin kowace eriya, mai kauri a tsakiya. Ana kiran wannan sarari da sunan Augustin Fresnel, masanin haske ɗan Faransa na ƙarni na 19. A tazarar kilomita 1 kan gigahaz 2.4, kaurinsa daga tsakiyar layi zuwa gefe ya kai mita 5.6 a tsakiyar hanya. Injiniyoyi sun ɗauki ƙa'idar cewa aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan ya zama babu komai a ciki, wato wajen mita 3.4 a ƙasan layin. Ƙasa kanta shinge ce. Eriya biyu da ke kallon juna a tsayin mutum, ko da babu ko ciyawa a tsakaninsu, suna asarar ƙarfi saboda cikin ƙwallon dabinon ya nutse a ƙasa.

Abin da tsayi ke iya yi ya bayyana a ƙasar Benezuwela a 2007, lokacin da Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa suka haɗa Wi-Fi a tazarar kilomita 382, nisan da ya zarce na Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba. Ba wata gagarumar tashar watsa shirye-shirye suka kafa ba. Manyan dish suka yi amfani da su, suka gyara manhajar na'urorin domin ta jure jinkirin amsa, sannan suka ɗora ɓangare ɗaya a kan dutsen da ya haura mita 4,000 a tsaunukan Andes. Mai zango ba shi da dutse, amma yana da sanda mai zugewa ta mita 4 zuwa 6, ko gora mai kyau, ko tsanin bayan mota. Kafin ma a kai ga sanda, zaɓen wurin kafa tanti ya riga ya yanke rabin hukunci: tudu ya fi kwari, bakin fili ya fi tsakiyar kurmi, ko da yake inuwar da ake gudu saboda sabis ita ake nema saboda rana.

Kebul, ɓarawon da ke cikin gida

Sau da yawa abin da eriya ta tara a sama, kebul ne ke zubar da shi kafin ya sauko. Siririn kebul da ake kira RG-58 yana cin kusan desibel 1 a kowace mita a kan gigahaz 2.4. Mita goma nasa sun isa su cinye duk ribar eriya mai dBi 10, mutum ya koma inda ya fito bayan ya kashe kuɗi. LMR-400, mai kaurin ɗan yatsa, yana cin abin da bai kai rubu'in desibel ba a mita, amma yana da tsada da nauyi, ga wuyar naɗewa. Kebul ɗin dish na talabijin kuwa ba na wannan aiki ba ne. Awonsa om 75 ne, na kayan Wi-Fi kuwa om 50, ba su dace da juna ba.

Saboda haka aka koma ga wata dabara: a haɗa eriya da rediyon a akwati ɗaya mai jure ruwa, a ɗora shi can saman sanda. Abin da ke saukowa ba igiyar rediyo ba ce kuma, bayanai ne a cikin kebul ɗin kwamfuta na yau da kullum, wanda ke kai mita 100 ba tare da asara ba, kuma ta cikinsa wutar da akwatin ke buƙata take hawa. Kamfanoni irin su Ubiquiti da MikroTik da TP-Link suna ƙera irin waɗannan. A cikin tanti sai a jona kebul ɗin da ƙaramar rauta, ita kuma ta buɗe sabon Wi-Fi mai suna da kalmar sirri na mai tantin. Wayoyin gida duk da ita suke magana, a tazarar taku biyu, akwatin sama kuma ya ɗauki nauyin doguwar tafiyar.

Wannan tsari ya fi ƙaramar na'urar maimaita sabis da ake sokawa a soket. Mai rediyo ɗaya a cikin irin waɗannan na'urori sai ta saurara sannan ta maimaita a kan tasha guda, don haka saurin yakan ragu da rabi, kuma tun da a cikin ɗaki take, raunannen sabis ɗin da waya ke ji shi ita ma take ji.

Kafawa da saiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiga shafin saitin akwati, da sabunta manhajarsa, da gwada kowane mahaɗi, aikin gida ne, inda akwai intanet ɗin da za a nemi bayani idan abu ya cije. Mahaɗan ma suna da tarko: SMA da RP-SMA kamarsu ɗaya a ido, har suna ɗauruwa da juna, amma allurar tsakiya ba ta haɗuwa.

A zango, matakin farko shi ne gano inda sabis ke fitowa. Daga nan a ɗaga sanda, a ɗaure ta da igiya uku a turaku, a riƙa juya eriyar kaɗan-kaɗan ana dakatawa na 'yan daƙiƙoƙi, domin awon ba ya sauyawa nan take. Sandunan ƙarfin sabis da waya ke nunawa ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da yadda yake lissafa su. Lambar da ke shafin saiti ita ce shaida, ana rubuta ta da dBm, da alamar ragi a gabanta. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi: a Wi-Fi, -50 ya yi kyau sosai, -67 ya isa kiran bidiyo, -80 yana yankewa, -90 kuwa sunan sabis ne kawai. Tsakanin -60 da -80 ninki ɗari ne. A kuma lura da tsayuwar eriyar: idan ta can a tsaye take, ta nan ma ta tsaya, domin kwantar da ita kan jawo asarar da ta kai desibel 20.

Idan filin yana watsa gigahaz 2.4 da 5 duka, a gwada kowanne. Na 5 ya fi sauri da ƙarancin cunkoso, na 2.4 ya fi jure ganye da nisa, sai dai tashoshi uku kaɗai gare shi da ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth ma a nan yake kiwo.

Inda babu Wi-Fi sam

A mafi yawan dazuzzuka babu ofishin da ke watsa komai, sai turken kamfanin waya da ke can wani gari. Ƙa'idojin ba su sauya ba, kayan ne suka bambanta. Ana sa layi a rauta ko modem mai ramin eriyar waje, a nufi turken da Yagi ko allo. Abu biyu ne ke buƙatar kula. Na ɗaya, eriyar ta dace da mitar da kamfanin ke amfani da ita a wurin. A Najeriya ana aiki da megahaz 700 da 800 da 900 da 1800 da 2100 da 2600, kuma na ƙasa-ƙasan su ne ke nisa a karkara, saboda igiyarsu ta fi tsawo. Ta megahaz 900 ta kai santimita 33, shi ya sa eriyarta ta fi ta Wi-Fi girma. Na biyu, 4G yana aika bayanai ta hanya biyu a lokaci guda, don haka rauta takan zo da rami biyu. Eriya mai kebul biyu, wadda sassanta ke gicciye da juna, ita ke ba da cikakken sauri.

Akwai kuma busta, na'urar da ke kamo sabis ɗin waya ta ƙara masa ƙarfi da lantarki ta sake watsa shi. Ita ba kamar eriya zalla ba ce, tashar rediyo ce ƙarama, kuma idan eriyarta ta waje ta yi kusa da ta ciki sai ta riƙa jin muryar kanta, kamar makirufo da aka kai bakin lasifika. Wannan kukan yana iya dagula turken da dubban mutane ke amfani da shi. A Amurka, tun 2014 hukumar FCC ta wajabta amfani da wadda aka tantance kaɗai, tare da yi mata rajista a wurin kamfanin waya. A Najeriya hukumar NCC ta yi gargaɗi kan sayar da ita da amfani da ita ba da izini ba. Shi kansa Wi-Fi yana da iyaka a doka: a Turai ƙarfin da ke fita daga eriya a gigahaz 2.4 ba zai wuce miliwat 100 ba, kuma ribar eriyar tana cikin lissafin.

Abin da eriya ba ta gyarawa

Eriya tana gyara hanya ne tsakanin tanti da na'urar ofis, ba ta ƙara abin da ofis ɗin ya saya. Idan layin da ya shigo filin megabit 50 ne, da dare kuma mutum ɗari suka hau kallon bidiyo, rabin megabit ne rabon kowa, komai kyan sanda. Alamar wannan a fili take: lambar dBm tana da kyau, sauri kuma yana zuwa da asuba ya gudu da magariba. Haka turken waya yake yi ranar kasuwa. Sannan iya kamo sabis daga nesa ba izinin shiga ba ne. Wi-Fi ɗin otal ko na wani gida da eriya ta jiyo yana da mai shi. A kan sabis na jama'a kuma, rauta ta cikin tanti tana raba wayoyin gida da na baƙi, amma bayanan da suka bar sanda suna bi ta na'urar wani ne, don haka harkar banki ta fi aminci a kan datar layin mutum.

Wuta, iska da tsawa

Akwatin sama da rauta tare ba su cika wuce wat 15 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda. Idan irin na dalma ne, rabi ake ja domin kada ya lalace, wanda zai riƙe kayan wajen awa 40. Ƙaramin faifan sola ya isa ya mayar da abin da aka ci a yini. A lura da cewa akwatuna da yawa bolt 24 suke so, don haka ana buƙatar 'yar na'urar da ke ɗaga wutar batir, wadda ta fi inbata tattalin wuta.

Ruwa yakan shiga ta mahaɗi, shi ya sa ake naɗe su da tef na roba, a kuma bar kebul ya ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga tanti domin ruwan ya ɗige a waje. Haɗarin da ya fi girma biyu ne. Sandar ƙarfe da ta taɓa wayar lantarki tana kisa nan take, saboda haka a ɗaga kai a duba kafin a ɗaga ta. Sanda mafi tsayi a fili kuma ita tsawa ke nema. A sansanin dindindin ana kafa sandar tagulla a ƙasa a jona ta, a sa kariya a kan kebul. A zangon kwana kaɗan, da zarar hadari ya haɗo sai a sauke sandar a zare kebul.

Inda nisa ya fi ƙarfin kowace sanda, saura tauraron ɗan'adam. Starlink, wanda taurarinsa ke shawagi a tsayin ɗaruruwan kilomita, ya fitar da tsari na masu motocin zango a 2022, ya kuma fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Ƙaramin samfurinsa da ya fito a 2024 bai fi girman kwamfutar cinya ba sosai, yana cin wat 25 zuwa 40, wato kusan ninki biyu ko fiye na kayan sanda, ga kuɗin wata. Shi ba ya buƙatar tudu ko turke, amma yana buƙatar sararin sama a buɗe, kuma reshen bishiya guda da ya gitta gabansa yakan sa ya riƙa yankewa duk lokacin da tauraro ya bi ta bayan reshen.